Shafi na Talatin da Ɗaya

A makarantar nan ta sakandare, in ka ce "Malama" kawai ba ka ce komai ba, don malamai mata sun fi goma sha biyar. Amma in ka ce Malama Tafireta, ko mai gadi zai nuna maka ɗakin ƙarshe a ginin baya, wanda ake jin ƙararsa tun daga filin ƙwallo. Tafireta talatin da biyu ne a ciki, kowace da rigarta ta leda, kowace kuma da halinta. Akwai mai cinye harafi, akwai wadda sai an lallaɓa ta, akwai wadda ƙararrawarta ta mutu tun kafin a haifi yaran da ke zama gabanta. Shekara ashirin da bakwai Malama ta yi a ɗakin nan tana koya wa 'ya'yan mutane ɗora yatsu goma a kan madannai, su buga rubutu kansu a ɗage.

Gado ta yi. Mahaifinta marubucin wasiƙa ne, mai tebur da laima a bakin gidan waya. Mutane su zo masa da kukansu da gaisuwarsu da neman aikinsu, su faɗa, shi kuma ya mayar musu da shi baƙi a kan fari. Tana 'yar shekara tara ya fara zaunar da ita a kujerarsa idan kasuwa ta yi sanyi. Da ta gama sakandare ta yi shekara biyu a makarantar koyon aikin sakatariya, ta fito da difloma, wadda a wancan lokacin abin a rataya a bango ce. Daga nan aka ɗauke ta koyarwa. Ta yi aure, ta haifi uku, ta rasa mahaifin, duk ba ta sauya ɗaki ba.

Mijinta mai gyaran agogo ne, ya fi shekara goma yana kallon mutane na wuce shagonsa suna duba lokaci a waya. Ga shi da tsokana. Yakan ce mata, "Maman Auta, ni da ke ranar da za a buɗe gidan tarihi, kyauta za a shigar da mu, a jera mu kusa da juna." Ita kuwa ba ta ɗaukar maganar da wasa. Ta ga yadda shagonsa ya koma wurin hira, ta rantse ɗakinta ba zai koma haka ba. Tana da shekara arba'in da tara ta haɗiye girman kai, ta riƙa zuwa duk Asabar shagon mijin babbar 'yarta, mai buga wa mutane takardu da kwamfuta. Watan farko abin nan da ake ja da hannu, da suke kira maus, ya ba ta wuya ƙwarai: ta tura shi dama, kibiya ta ɓace mata. Amma da aka zo kan madannai, surukin ya miƙe daga kujerarsa ya kira maƙwabta su zo su ga Mama. Cikin wata takwas babu abin da yake yi a shagon da ba ta iya ba, sai ma ta fi shi sauri.

Sai ga labari ya iso cewa hukumar da ke kula da makarantu za ta ba su kwamfuta arba'in. Amma da sharaɗi. Sai makaranta ta kawo tsari a rubuce: wane ɗaki za a sa su, ina za a samu wuta, wane darasi za a janye daga jadawali don sabon ya samu wuri, da sunayen malamai shida da za a tura horo na wata uku. Malama ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ɗakinta ne kaɗai mai ƙarfe a taga da dogayen tebura, shi za a ɗauka. In sunanta ya shiga cikin shidan nan, tana nan malama mai aji har ta yi ritaya. In bai shiga ba, ranar da aka fitar da tafiretocin ita ma an fitar da ita.

Aka kafa kwamiti, don a makarantar nan ko ƙusa za a kafa sai an kafa mata kwamiti. Shugaban makaranta, mataimakinsa, malamai biyu da ba su taɓa yi wa Shugaba musu ba, sai Injiniya. Injiniya malamin lissafi ne, ɗan shekara talatin da ɗoriya. Ya samu sunan ne ranar da ya gyara fankar ofishin malamai, wadda ta yi kwana biyu tana juyawa ta sake tsayawa, sunan kuma ya ci gaba da juyawa. Tsohon ɗalibin Malama ne, in za a kira wanda ya yi zango uku yana gudun aji ɗalibi. A lokacin cewa yake buga rubutu aikin mata ne.

Ita ba a sa ta a kwamitin ba. Ba ta yi fushi ba, ta zauna ta rubuta shawararta shafi biyu. Ta ce kwamfuta arba'in a gaban malamin da ke neman harafi da yatsa ɗaya ado ne kawai. Kafin komai a fara da yatsu: minti arba'in bayan an tashi, sau uku a mako, malamai goma-goma, har sati goma sha biyu. Ta tsara darasin kowace rana, har da yadda za a rufe hannu da kwali don kada a leƙa. Ta kai wa Shugaba, ya duba sama-sama, ya gyaɗa kai.

"Malama, ai ke ba ki da matsala. In ba ke ba, wa?"

Ta ɗauki maganar nan ta kai gida kamar an ba ta takarda da tambari. Mai agogo ya ce, "To, ashe ni kaɗai zan shiga gidan tarihin."

Kwamiti ya yi wata biyu yana zama, ya haifi daftari shafi arba'in da shida da rubutun hannu iri biyar, wani kamar kaza ta bi ta kan tawada. Sakatariyar makaranta tana hutun haihuwa. Ranar Alhamis Shugaba ya kira Malama, ya ce ranar Litinin ake son tsarin a hedikwatar hukumar, kuma babu hannun da ya yarda da shi sai nata. Ta karɓa da hannu biyu, har da jin daɗi.

Dole a nan a faɗi yadda ake horar da mai buga rubutu, don wanda bai yi aikin ba ba zai yarda ba. A makarantar sakatariya, abu na farko da ake kashe wa mutum shi ne karatu. Ido ya ɗauki harafi, yatsa ya ajiye shi, kai kada ya sa baki. Mai karanta abin da take bugawa tana rage sauri, tana gyara wa shugabanta magana ba a sa ta ba, kuma tana fita da sirrin ofis a bakinta. Ko duba kuskure, daga ƙasan shafi ake farawa a yi sama, kalma-kalma, don kada ma'ana ta ɗauke ido daga harafi. Idan shafi ya fita tas, sai ta sa haruffan farko na sunanta ƙanana a kusurwar ƙasa, shaidar cewa hannunta ne. Malama ta fi kowa iya wannan a ajinsu. Tana iya buga shafi goma, ka tambaye ta me ke ciki, ta ce maka sai dai ta duba.

Haka ta zauna gaban kwamfutar ofis Juma'a da Asabar. Yatsunta na kan daftari, kanta kuwa yana ginin baya yana jera tebura: wannan layin zai fuskanci allo, a bar hanya a tsakiya, masu raunin ido a gaba. Ta gama, ta duba daga ƙasa zuwa sama, ta samu kuskure uku ta gyara. Shafi arba'in da shida, kowanne da haruffanta a kusurwa. Safiyar Litinin ta miƙa, Shugaba ya ce Allah ya yi albarka.

Bayan sati shida aka tara malamai, aka ce hukuma ta amince da tsari. Mataimaki ya miƙe yana karantawa da muryarsa mai sa gyangyaɗi. Ya karanta sunaye shida: nasa ne na farko, na Injiniya na biyu, sai wasu huɗu masu digiri. Malama ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafinta, ta ce ko ya tsallake layi ne. Sai ya juya shafi ya ci gaba: za a dakatar da darasin buga rubutu daga zango mai zuwa, ɗakinsa ya koma ɗakin kwamfuta a ƙarƙashin malamin lissafi, malamar darasin kuma ta koma ofishin ajiyar fayil. Babu wanda ya juyo ya kalle ta, wanda ya nuna kowa ya riga ya sani.

Ana watsewa ta bi Shugaba ofis.

"Malama, zauna mana. Ai na ɗauka mun gama wannan maganar."

"Wace magana muka yi, ranka ya daɗe?"

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da tsarin, ya lashi yatsa ya buɗe shafi na talatin da ɗaya, ya juyo mata da shi. Ga layukan nan uku a tsakiyar shafi, ba kuskuren ko waƙafi.

"Haruffan nan na ƙasa na waye?"

"Nawa ne."

"To. Ƙa'ida ta ce duk ma'aikacin da tsari ya taɓa, a nuna masa, a ba shi sati biyu ya kawo ƙorafi a rubuce. Malamin zane mun kira shi, ya yi ƙorafi, an bar masa darasinsa. Ke kuwa muka ce ai ita ta buga, ga shaidarta a kowane shafi. Muka jira sati biyu, shiru. Har na ce wa mataimaki, ka ga dattijuwa, ta karɓi abu da girma."

"Ranka ya daɗe, bugawa na yi. Ban karanta ba."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa yaro. "Haba Malama. Wa zai yarda mutum ya buga abu da hannunsa bai san me ya buga ba?"

Shi dai ya fi kowa sanin amsar. Shekara tara yana ba ta tambayoyin jarrabawa da takardun tuhumar ma'aikata ta buga, don ya san ba ta karantawa. Har yabonta yake yi a kan haka a gaban baƙi, yana cewa Malama rijiya ce. Ranar nan kaɗai ya manta.

Ta je hedikwata da ƙafarta. Ta yi awa uku a kan benci, aka shigar da ita wurin wani jami'i sa'an ɗanta na biyu. Ya saurare ta da ladabi, ya buɗe kwafinsu, ya nuna mata kusurwar shafin, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, lokaci ya riga ya wuce. Da kin zo da wuri." Ta fito, ta tsaya a bakin titi motoci uku suka wuce ta ba ta tsayar da ko ɗaya ba. Ba ta san wa za ta fi jin haushi ba, su ko hannuwanta.

A gida Mai agogo bai yi tsokana ba, abin da ya ƙara karya mata zuciya.

"Ki kai su ƙara ƙungiyar malamai mana."

"In ce me, Baban Auta? In tsaya gaban mutane in rantse cewa ni, malama, na buga takardar korata ban san me na buga ba? Shekara ashirin da bakwai ina gaya wa yara kada su karanta. Yau in ce wannan ne ya ci ni?"

"To ai gaskiya ce."

"Gaskiyar da za a yi mini dariya a kanta har in mutu."

Ya ɗauki wani tsohon agogo a kan tebur yana murɗa shi, alhali yana tafiya daidai.

Ranar farko ta hutu aka zo da motar kaya. Leburori suka riƙa jefa tafiretocin ɗaya kan ɗaya, ƙararrawa na ta kaɗawa a cikin tsibin. Ta tsaya a baranda har aka ɗauki ta ƙarshe, don ba ta son a ce ta kasa kallo. Sannan ta miƙa mabuɗi ga mataimaki, ya karɓa yana waya.

Ofishin ajiyar fayil wani ɗan ɗaki ne a bayan ofishin Shugaba, taga ɗaya, kantoci huɗu har rufi, da tsohuwar kwamfutar da sakatariya ta gaji da ita. Aikin Malama ta nemo fayil ta mayar da fayil. Ba ƙararrawar shiga aji da ta shafe ta, ba yaron da zai miƙe in ta shigo. A nan, mako na biyu, ta ci karo da kwafin tsarin a kanta ta uku. Ta zauna ta karanta shi tun daga shafin farko, karon farko a rayuwarta da ta karanta aikin hannunta. A shafi na goma sha biyu ta tarar da kanta. Minti arba'in bayan an tashi, sau uku a mako, malamai goma-goma, har da kwalin rufe hannu. Shawararta ce kalma da kalma. A ƙarƙashi an rubuta wanda zai gudanar: malamin lissafi, bayan ya dawo daga horo. Wannan ma ita ta buga.

Mutum shida suka tafi, suka dawo bayan wata uku da takardun shaida masu zare na zinariya da baƙaƙen jakunkuna iri ɗaya. A faɗi gaskiya, sun koyo abubuwa. Sun iya haska darasi a bango, sun iya sa hoto ya shigo yana juyawa. Abin da ba a koya musu ba shi ne yatsu, don masu horon sun ɗauka duk malamin da aka turo ya iya. In Malama ta wuce ginin baya da fayil a hannu takan ji ɗakin: ƙwas, shiru, ƙwas, shiru, kamar kaji na tsintar tsaba. Ta taga takan hango Injiniya a gaban aji, kai a sunkuye, yatsu biyu a miƙe, yana farautar harafi. Shafi na goma sha biyu kuwa ba wanda ya ƙara tayar da maganarsa.

Sai hukuma ta aiko cewa nan da sati uku jami'ai za su zo su zauna a aji, su ga yadda malamin da aka horar ke horar da sauran malamai, kamar yadda tsari ya ce.

Ranar Talata da la'asar, an tashi, masu shara sun fara aikinsu, Malama na ɗaure jakarta, sai ga Injiniya a ƙofa. Ya waiga dama da hagu kafin ya shigo. Ya russuna har ƙasa, abin da bai taɓa yi mata ba ko yana ɗalibi.

"Malama, barka da aiki. Ya gida? Ya Baba?"

"Lafiya lau."

"Wallahi Malama, kunya ce ta hana ni zuwa tuntuni. Ni ba ni na tsara abin nan ba, an ce in sa hannu na sa." Ya share goshi. "Kin ji zancen jami'an nan. In suka ce in buga a gabansu ba kallo, na shiga uku. Ki taimake ni, Malama. Sati uku. Ko minti arba'in ɗin ne kullum."

Ta dube shi. Ta so ta ji daɗin ganinsa a haka, ta nemi daɗin ta rasa. Abin da ta ji shi ne yatsunta suna motsi a kan jaka. Wata bakwai ba ta kama hannun kowa ta ɗora a kan madannai ba, kuma ba ta san kewar ta kai haka ba sai yanzu. Sati uku ba ya mai da mutum gwani, amma ta san za ta iya ɗaga masa kai daga madannai. Har ta hango inda za ta fara da shi.

Ta ajiye jakar. Ta jawo kujera gaban tsohuwar kwamfutar, ta yage murfin wani kwalin takarda, ta lanƙwasa shi yadda zai rufe hannu biyu.

"Zauna. Miƙe bayanka. Cire agogon nan."

"Na gode, Malama, Allah ya saka." Ya miƙe da sauri, amma ba kujerar ya nufa ba. Ƙofa ya nufa, ya kama ta zai tura.

"Bar ta a buɗe."

"Malama, mutane na wucewa. Ga masu shara, ga Shugaba bai tafi ba."

"Na sani. Ni ban taɓa koyarwa a ɓoye ba. Ba sata nake yi ba."

"Ki gane, Malama. Ni aka tura horo. In aka gan ni a nan, a ɗakin fayil, ana koya mini..." Bai ƙarasa ba.

"Ana koya maka, wa ke koya maka? Faɗi mana."

Ya tsaya hannunsa a kan ƙofa. Daga baranda ana jin tsintsiya na matsowa, da muryar mataimaki yana sallama da wani. Malama na tsaye bayan kujerar, kwali a hannu, tana jira. Abin da take nema a wurinsa bai fi taku uku ba.

"Bari in dawo wani lokacin, Malama," ya ce a hankali. Ya ɗauki baƙar jakarsa ya fita, ya bi ta bayan gini don kada ya haɗu da kowa.

Ta jira shi Laraba. Ta jira shi Alhamis, har mai gadi ya leƙo ya ce zai kulle. Ranar Juma'a ta ji a bakin masu shara cewa Injiniya ya samo wani shago can bayan tasha, inda ba wanda ya san shi, yana zuwa koyo da yamma. Ta ce madalla, ta mayar da kujerar inda take, ta ɗauki fayil na gaba.